Ki Hau Benen Wangsa Maju, Uwata

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare na gida da na kan hanya.

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, bakina kuwa bai taɓa iya furta shi ba. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da sanyin zuciya. Allah ya tsare gabanki da bayanki a tafiyar nan da za ki yi ranar Litinin, ya sauke jirginku lafiya a Sabah, ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga ƙofar makaranta.

Na san za ki yi dariya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu, ga shi ina aiko miki da takarda ta hannun mamanki kamar wanda yake Kano. Dalilin shi ne, duk sanda na zaunar da ke na ɗauko magana daga tushe, ban je ko'ina ba sai ki ce, "Okay lah, Baba," ki kama hannuna ki kai goshi yadda yaran garin nan suke yi, maganar ta mutu a nan. Takarda kuwa ba a katse ta. Rubutun dai ki yi haƙuri da shi. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin dilar kaya na koyi baƙaƙen nan ina kwaikwayon sunayen masu kaya. Inda kika ga harafi ya kwanta, ki tashe shi da kanki.

A shago nake. Ruwan la'asar ya sauko yadda ya saba, titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ya koma kogi, masu saye duk sun fake. A irin wannan lokaci yadi yana yin wani ƙamshi na sabon kaya da danshi, sai in rasa ko a Kuala Lumpur nake ko a Kantin Kwari ina saurayi da dila a ka. Nakan jingina da bandir in lumshe ido, in ga kakarki tana tafiya tsakanin layin mayafai tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, ita da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba. Yau ma na gan ta. Ta dube ni irin duban da take yi mini idan na ɓata abu na ɓoye. Da na buɗe ido sai na jawo takarda.

Ga abin da ya sa. Mamanki ta gaya mini jibi Asabar za a yi miƙa riƙon yara a Zauren Asabar na Wangsa Maju, an ce ke za a ba wa 'yar Dokta Bashir, ke kuma kin ce ba za ki je ba. Wai kin ce ba za ki riƙe 'yar mutumin da ya wulaƙanta Babanki a gaban jama'a ba, gara ki tafi ba sallama. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na ji, sai da ƙirjina ya yi faɗi. Na ce lallai jinina ce. Har shayi na ƙara. Amma daɗin bai kai azahar ba ya fara yi mini ɗaci, kuma shi nake so in warware miki kafin Asabar ta zo ta wuce.

Shi wannan Zauren Asabar kin fi ni saninsa, amma bari in faɗa miki yadda na gan shi daga waje. Ɗalibanmu ne manya, malaman jami'o'in gida da ake turowa su ƙaro digiri, suna zaune a cushe a gidajen bene, littattafai har kan firji. Suka duba suka ga yaranmu da aka raina a nan suna gama sakandare ba su san ta wace ƙofa ake shiga jami'a ba, iyaye irina kuwa ba mu sani ba balle mu nuna. Sai suka ware ranar Asabar. Su gaya wa yaro wace jarrabawa zai rubuta, yaushe ake rufe karɓa, wace makaranta ce ta gaske, da yadda zai zauna gaban masu yi masa tambaya muryarsa ba ta yi rawa ba. Tun muna mu kaɗai har 'yan Sudan da Somaliya da Gini suka riƙa kawo nasu. Da yake su ɗaliban ba mazauna ba ne, yau suna nan gobe sun hau jirgi, sai suka fito da riƙo. Kowane yaro yana da mai riƙonsa. Wanda ya gama zai koma gida ba ya tafiya sai ya kama hannun yaron ya sa a hannun wani a gaban mutane. Yaron da ya samu jami'a shi ma ba ya wucewa haka nan, sai an sa masa hannun na bayansa. Ni dai ban taɓa ce musu sun kyauta ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma abin da yake nan yana nan.

Lokacin yayanki Sani ba a fara zauren ba, sai dai ɗaliban suna nan. Kina ƙarama, ba ki san yadda aka yi ba. Ina zaune a wajen mamak, masu shayi da abincin garin nan, a Chow Kit ina shan shayi, wani matashi ya zo cikin shadda mai sheƙi ya durƙusa har ƙasa. "Barka da hutawa, Baba. Ba kai ne na Fagge ba?" Ya san unguwarmu, ya san mai unguwar da ya rasu, ya san mai ƙosan bakin masallaci. Uwata, na daɗe ban ji an gaishe ni da irin wannan Hausar ba. Sai na ji kamar an buɗe mini tagar gida. Ya ciro hoto ya nuna mini: koriyar ciyawa shimfiɗe, ga wata babbar bishiya, yara zaune a gindinta da littattafai suna dariya. Ya ce, "Wannan kwalejin ba ta wahalar da yaro, Baba. Ba jarrabawar shiga, ba jeka-ka-dawo. Boleh kawai, in ji mutanen garin nan, wato komai mai yiwuwa ne." Na kalli bishiyar nan na ga Sani a gindinta. Har na ga kaina na je ziyara na cire takalmi ina taka ciyawar.

Akwai wani ɗalibi da yake zuwa sayen yadi wajena, na ba shi labari don ya taya ni murna. Ya ce, "Baba, ka ba ni sunan makarantar in bincika maka mana." Na ce masa tun ba a yaye shi ba nake sayen kaya a ƙasashen mutane, ba wanda ya taɓa sayar mini da jabu. Ya ɗauki yadinsa ya tafi.

Da Sani ya fara zuwa, na ce masa, "Yaya bishiyar?" Ya ce, "Baba, tana cikin hoton." Ashe saman wani shagon taya ne, ɗakuna ne aka raba da katako. Na ce ya daure, karatu ba a ciyawa yake ba. Ya daure, don ba ya musu da ni. Ya fito da takarda mai zanen zinariya wadda duk inda ya miƙa ta sai a juya ta gaba da baya a mayar masa. Yanzu yana Kano yana sayar da kayan waya. Idan ya kira, shi da mamanku sai su yi ta hira har wayar ta yi zafi. Idan aka miƙo mini, "Ina wuni, Baba, ya kasuwa," shi ke nan.

To, ki ji. Inda za ki, za ki haɗu da masu gaishe ki da harshen gida, za ki ji zuciyarki ta narke. Ki amsa da fara'a, ki ba su ruwa, amma gaisuwa daban, gaskiya daban. Abin da ba ki sani ba kuma ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya bai kai ki tsawo ba. Ni yadi na sani. Na ɗauka wanda ya san yadi ya san komai.

Wannan maganar ta Sani ce na ɗauka a bakina ranar da zauren ya kira iyaye, lokacin kina ajin ƙarshe. Na sa farar shaddata, na karya hula, muka hau jirgin ƙasa ni da ke. Ina so in gaya wa iyaye kada wanda ya bi hoto. Falon ya cika, takalma a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Dokta Bashir ne shugaba, ya gama nasa karatun sun riƙe shi yana koyarwa a nan, ga tabarau, ga agogo. Da aka zo kaina na miƙe na yi sallama, na yi salati, na gai da malamai, na gai da iyaye mata, na gai da baƙinmu na sauran ƙasashe, na tambayi gida da gajiya. Sannan na ɗauko daga ranar da na bar Kano, domin ba a gane maganar Sani sai an san yadda na zo garin nan. Ina cikin jirgi, wallahi ko sauka ban yi ba, sai na ji cokali a jikin kofi. Ƙil, ƙil, ƙil. Dokta ya nuna agogo ya ce, "Baba, a taƙaita mana, lokaci."

Na ce, "Ai ban fara ba."

Aka kwashe da dariya. Ban ga abin dariya ba, gaskiya na faɗa. Sai wata mata 'yar Somaliya ta tambaya me dattijon ya ce. Ya juya ya amsa mata da Turanci. Turancina na kasuwa ne, amma ya kai in gane wannan. Cewa ya yi, "Ya ce ya gode." Duk gaisuwata, duk salatina, da mahaifiyata tsaye a tasha tana riƙe da gefen rigata, da ɗana da na zo in tona asirin kaina a kansa, duk ya dunƙule ya ce na gode. Ban gode ba, Uwata. Har yau ban gode ba.

Kin tuna sauran. Na ce, "Tashi mu tafi." Fensir yana hannunki, da shi kika sauko, sai a cikin jirgi kika lura kika sa a jaka. Na hana ki komawa. Mamanki ta yi magana, na ce wanda ya sake ambata mini Wangsa Maju a gidan nan ya nemi wani mijin. Aka buɗe karɓar ɗalibai aka rufe, mu ba mu san an buɗe ba. Ƙawayenki suka wuce, ke kika zauna a shagon nan kina ninke mayafi. Ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba, da kin yi ma da ya fi mini sauƙi. Idan ruwa ya sauko sai ki tsaya a bakin ƙofa kina kallon yadda yake bin kwata yana gangarawa, ki daɗe, kamar kina son ki tambaye shi inda za shi. Ni kuma ina bayanki ina auna yadin da ba wanda ya ce in auna.

Ba zan ce fushina kuskure ba ne. An yi mini, kuma wanda ya yi ya san ya yi. Inda na karkace shi ne kan da na sauke shi. Dokta Bashir ya ci gaba da cin abincinsa yana ɗaura agogonsa, ko atishawa bai yi ba. Ke ce shekara ta wuce ki. Ki riƙe wannan da kyau: idan babba ya ɓata miki, kafin ki rama ki duba wa ramuwar za ta faɗa wa. Sau da yawa ba ta kai wa gare shi, a kan wani ƙarami take sauka, wanda ko wajen ba ya nan sanda aka yi.

Sai Allah ya kawo Dokta Rabi, 'yar Zariyan nan mai karatun magunguna, wadda tun farko ita aka ba wa riƙonki. Ta shigo wata rana ta ce mayafi take so. Na san ko wace ce, na haɗe rai, na faɗa mata tsada don ta tafi. Ba ta taya ba. Ta jawo kujerar roba ta zauna ta ce, "Baba, an ce mini a cikin jirgi aka tsayar da kai. To, da kuka sauka fa?"

Na ce, "Ke ma dariyar kika zo yi?"

Ta ce, "Wallahi ranar ina ɗakin gwaji, ban samu zuwa ba. An ba ni farkon, an hana ni ƙarshen. Ni kuwa ba na iya barci da rabin labari."

Na ce ba ni da lokaci. Na ɗan ba ta kaɗan dai, yadda zafin garin ya mare ni a ƙofar jirgi, da yadda na kwana uku ina cin burodi don ban san sunan abincinsu ba. Ta yi dariya inda ya kamata, ta yi shiru inda ya kamata. Wani satin ta dawo. "Baba, mun tsaya a inda Basinen nan ya ba ka aron teburi." Haka ta riƙa zuwa, kowane zuwa da mayafinta, kowane zuwa ta san inda muka tsaya. Wani lokaci ta yi tapau, wato ƙunshin shinkafa, ta kawo mana ta ce, "Makan tukuna, Baba, a ci abinci, labari ba ya gudu." Kina gefe kina ninki, na san kunnenki yana wajenmu. A nan kika fara jin yadda ubanki ya zo garin nan, don ke ma ba ki taɓa bari na kai ƙarshe ba.

Ranar da na kai kan Sani da bishiya, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ka yarda in faɗa wa iyaye wannan ranar Asabar? Akwai masu shirin bin irin hoton nan yanzu haka."

Na ce, "Ki faɗa. Amma kada ki taƙaita."

Ta ce, "To ai ni kaina ba ya riƙe abu. Sai dai ka ba ni aron Uwarka ta riƙa tuna mini inda na manta."

Na gane wayo ne. Ba yaro ba ne ni. Na dube ki, kin sunkuyar da kai, hannunki ya tsaya cak a kan mayafin. Na ce, "Aro ne fa." Ta ce, "Aro ne, Baba." Daga baya na riƙa ganin mayafaina a kan 'yan matan Somaliya a masallaci, na gane inda suke zuwa, don mace ɗaya ba ta da kan da zai ɗauke su duka.

Daga nan ki ɗauki abu guda. Za ki zama mai ilimi, za a zo gabanki da magana mai tsawo, tsoho ko baƙo ko wanda harshensa ke sarƙewa. Ki bar shi ya sauka daga jirgin. Mu da ba mu yi makaranta ba ba mu iya fara magana daga tsakiya ba, abin da ya kawo mu kullum yana can ƙarshe.

Da Dokta Rabi ta gama za ta koma gida, a nan shagon ta kama hannunki ta sa a hannun waccan 'yar Sudan ɗin mai dogon lulluɓi, tunda na ce ƙafata ba za ta sake taka benen ba. Ita ce ta kai ki kika ga jami'o'i da idonki, ta zauna da ke kuna gyara abin da kika rubuta game da kanki, ta riƙa yi miki tambayoyi da fuska a murtuke don ki saba. Ita ce kuma ta sa miki wannan karatun teku a kai. Da kika gaya mini na ce, me za ki sayar wa teku? Har yanzu ban gane ba. Ni teku a wajena hanyar kwantena ce, in ta tashi daga Klang in yi ta addu'a har ta isa Legas. Ke kuma kin ce a ƙarƙashinsa akwai duwatsu masu rai, masu launi, suna rashin lafiya suna warkewa kamar mutane.

Tun ranar nake ganinsa idan na lumshe ido. Sai in ga an warware shuɗin yadi daga bakin shagon nan, bandir bayan bandir, ba ya ƙarewa, ya rufe titin, ya rufe Chow Kit da kifinta da hayaniyarta, jirgin ƙasan nan mai bin gada a saman titi yana ratsa shi a hankali ba ƙara. Ke kuma kina can ƙasa kina tafiya a natse da littafi a hannu, ƙananan kifaye suna bin gefen hijabinki, kina duba duwatsun nan ɗaya ɗaya kina tambayarsu ya jiki. Ina kiran ki daga sama, muryata ba ta isa, amma ba na jin tsoro. Jikar matar da ta yi rayuwarta tana jan guga a rijiya mai zurfi don ta samu na alwala. Ikon Allah ya wuce a yi masa tambaya.

Idan kin je, ki riƙe salla a kan lokacinta ko da kuna cikin kwalekwale. Ki duba abin da za ki ci, can ba kamar nan ba ne, ki tambaya kada ki ji kunya. Wadda za ku zauna ɗaki ɗaya, ko ba addininku ɗaya ba, ki fara yi mata alheri kafin ki san halinta. Ki kira mamanki da Hausa, ko ta karye ki ɗaura, domin idan kin yi mata Turanci tana cewa to, to, amma bayan kin ajiye sai ta tambaye ni me kika ce, ni kuma in ƙirƙira mata. Ki riƙa kiran Sani. Ke yana sake miki.

Saura maganar yarinyar nan, Fa'iza. Na san abin da za ki ce: ubanta dokta ne, ya riƙe abarsa. To ai dokar zauren ce uba ba ya riƙon nasa, kuma ko ba doka, 'yar fari ce. Mutumin nan da duk Turancinsa ko sunanta ba ya iya kira, "ke" yake ce mata, ita kuma in ya shigo falo sai ta shige ɗaki. A nan dai bokonsa bai raba shi da mu ba. Yana iya shirya 'ya'yan Somaliya da na Gini su tsaya gaban kowa, tasa kuwa ba zai iya zama da ita ya ce karanta in ji ba. Mamanki ta ce da aka tambayi yarinyar wa take so, ba ta ɗaga kai ba, sunanki kawai ta faɗa. An kawo mata wasu, har da masu digiri biyu, ta girgiza kai.

Na taɓa ganinta. Sun zo da uwarta sayen kayan Salla, ba ki nan. Ta tsaya a inda kike tsayawa, ta ce da wata murya kamar ta sauro, "Anti tana nan?" Na ce ba ta nan, da irin muryar da na tanadar wa gidansu. Ta ce, "To," ta koma bayan uwarta. Bana take ajin ƙarshe. Idan kika tafi ba ki karɓe ta ba, za a ba wa wani, ba za ta buɗe baki ba, za a buɗe karɓa a rufe tana kallo. Na san yadda wannan yake. Na gani a shagon nan, daga baya nake tsaye.

Shi kuwa fushin, ki bar mini abina. Nawa ne, ni aka kaɗa wa cokali. Na saba da shi, tare muke hawa jirgi da safe, tare muke buɗe shago. Ragowar jawabin nan ma tana nan, kullum ina ƙara mata gyara, ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Tsoho yana bukatar abin da zai riƙa juyawa a ransa idan kasuwa ta yi sanyi. Amma ba kayan gado ba ne, ban sa shi cikin abin da zan bar muku ba. Kin nuna mini ke 'yata ce, na gani, na ji daɗi, ya isa haka. Mutanen nan sun bi ki hannu zuwa hannu har suka kai ki bakin teku, ba su tambaye ki halin ubanki ba. Ke ma kada ki tambayi yarinyar nan halin nata. Riƙon ba wuya, waya ce ranar Asabar, sai in kin zo hutu ku zauna. Ki saurare ta ko da muryar ba ta fita.

Kada ki ɗauka na sauko. Ba zan hau benen ba, kada ma mamanki ta fara. Jibi bayan azahar zan rufe shago in raka ki. Akwai mamak a gindin ginin, a nan zan zauna, in juya wa ƙofar baya, in sa a kawo mini shayi. Idan kika sauko ke kaɗai, zan gane, mu hau jirgi mu koma gida, ba zan ce miki komai ba, Litinin kuma in kai ki filin jirgi da albarkata cikakkiya, wannan ba ya cikin ciniki. Idan kuwa kika sauko da ita, ki kawo ta teburina. Ranar nan na amsa mata da muryar da ba tata ba ce, ina so in sake amsawa. Ta zauna, ta ci abin da take so, in sa mata albarka yadda zan sa miki. Ubanta dai ya tsaya a sama.

Ruwa ya ɗauke, mutane sun fara fitowa, ga wata tana taɓa mini leshi da jiƙaƙƙen hannu. Bari in tsaya.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a kan ruwa da ƙarƙashinsa. Ya kare ki daga mugun aboki da mugun ji da mugun gani, ya buɗe miki abin da ya rufe mini, ya sa hannun da za ki riƙe ya zama sanadin alheri gare ku ku biyu. Allah ya yi miki albarka, Uwata, ya jiƙan mai sunanki.

Ni ne mahaifinki,
Ɗanladi mai yadi